Labari a Maamobi, Littafi a Kano

A ƙasar Gana, daga kasuwar Nima, wadda ke cika ta batse ranar Laraba, har cikin lungunan Maamobi, da Hausa ake ciniki, da ita ake wa'azi, da ita ake sasanta miji da mata. Ita ce ke haɗa Bazabarme da Bakotokoli da Badagombe da Bafillace a tsakar gida ɗaya, ko da babu wanda kakansa ya fito daga Kano ko Katsina a cikinsu. Amma wanda ya tsaya gaban masu shimfiɗa littattafai a bakin masallatan unguwar, abin da zai tarar shi ne Alƙur'ani da littattafan addini na Larabci, can gefe kuma na 'yan makaranta da Turanci. Ƙagaggen labarin da ɗan unguwa ya rubuta da Hausar unguwa, ya buga da kuɗinsa, ya kawo kasuwa, ba hajar da aka saba gani ba ce. A Kano kuwa irin wannan littafi ya shekara arba'in yana ciyar da gidaje. Bayanin da aka fi saurin bayarwa shi ne wai mutanen Zango, wato unguwanni irin su Nima da Maamobi, ba su son karatu, ko kuma ba su da masu basirar labari, kuma bayanin bai kama hankali ba. A ganina, marubucin da ake ce wa mai cin gashin kansa bai taɓa tsayuwa shi kaɗai ba. Yana iya rabuwa da kamfanin ɗab'i, yana iya rabuwa da hukuma, amma ba ya iya rabuwa da mai karatun da wani ya riga ya koya wa karanta harshen da yake rubutu da shi. Kano ta gaji wannan mai karatu daga makaranta. Maamobi ba a ba ta shi ba.

Da hannun hukuma ƙagaggen labari na Hausar boko ya fara. A 1933 Rupert East na Hukumar Fassara ta Zariya ya nemi malamai su rubuta labarai, aka yi gasa, aka samu Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo. Imam da Bello Kagara da Tafawa Ɓalewa duk malaman makaranta ne masu ɗaukar albashi, kuma saboda 'yan aji aka buga littattafan. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta biyo baya a 1939, hukumar NORLA a shekarun 1950, kamfanin ɗab'i na NNPC a 1966. Abin da waɗannan hukumomi suka bari ya wuce littattafai: sun daidaita yadda ake rubuta kalma, sun sa Hausa a jadawalin aji, sun saba wa ido da ganin ta a takarda. Har So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed, wanda ya fito a 1980 ya buɗe wa mata hanya, ta gasar NNPC ya shigo.

Cin gashin kai ya zo ne daga baya, kuma dalilansa a fili suke. Shirin ilimin firamare kyauta na 1976 ya tura yara makaranta da yawan da ba a taɓa gani ba, gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa hukumar yaƙi da jahilci a Kano a 1980 manya suka shiga ajin dare, sannan tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ya karya darajar naira, takarda ta yi tsada, kamfanoni suka koma ga littattafan jarrabawa waɗanda ba a asara a kansu. Wato masu iya karatu sun yi yawa a daidai lokacin da masu buga musu abin karantawa suka janye. Cikin wannan giɓi Talatu Wada Ahmed ta fito da Rabin Raina, Balaraba Ramat Yakubu ta fito da Budurwar Zuciya a 1987, Ado Ahmad Gidan Dabino ya fito da In Da So Da Ƙauna a 1991, ga Bilkisu Funtuwa da Allura Cikin Ruwa, ga ƙungiyar Raina Kama da ta tattara da yawa daga cikinsu. Abin lura, Balaraba an cire ta daga makaranta tana yarinya aka yi mata aure, Gidan Dabino kuma ta ilimin manya ya shigo boko. Ajin da ya samar da masu karatun shi ne ya samar da marubutan. Ibrahim Malumfashi ya kira abin Adabin Kasuwar Kano da nufin suka, Abdalla Uba Adamu ya tsaya yana kare shi, suka yi ta kai ruwa rana a jaridu, amma dukansu biyun sun yarda cewa kasuwa ce ta raya shi.

Yadda ake haihuwar irin wannan littafi ya isa a tsaya a duba shi, domin a nan ake ganin yawan hannayen da ke riƙe da marubucin. Matar aure ce a cikin gida, ta rubuta labarinta da biro a littafin 'yan makaranta, bayan ta sauke tukunya ko bayan yara sun yi barci. Ƙanenta ya ɗauki littafin zuwa shagon mai kwamfuta, a buga, a dawo mata da shi ta gyara. Ba ta da kuɗin fitar da labarin gaba ɗaya, sai a yanka shi: na ɗaya, na biyu, na uku, kowanne siriri a farar takarda mai arha, a tsaya daidai inda ran mai karatu zai ɗaga. Kuɗin na ɗaya ne ke buga na biyu. Daga maɗaba'a sai wurin dillali a kasuwa, wanda galibi bashi yake karɓa, sai an sayar ya biya, in ya biya. Daga wurinsa littafin ya bi 'yan sari zuwa Gusau da Sakkwato da Maraɗi da Damagaram. A unguwa kuma ga mai ba da haya, kwafi ɗaya ya zaga gida goma har bangonsa ya cire. Marubuciyar ba ta samun ko kwabo daga hayar nan, amma hayar ce ke sa sunanta ya shiga ɗakunan da ba ta taɓa takawa ba. Shi ya sa tun daga Imam har zuwa yau da wuya a sami wanda littafi kaɗai ya riƙe shi. Akwai koyarwa, akwai aikin jarida, akwai 'yar sana'ar cikin gida, daga baya kuma fim ya zo ya ɗauke da yawa daga cikinsu, har da Gidan Dabino da Balaraba, saboda a can ne kuɗin ya koma.

To, me ya hana haka a Gana? Ba rashin gadon rubutu ba ne, domin a ƙasar nan aka yi ɗaya daga cikin manyan marubutan Hausa na kowane zamani. Alhaji Umaru, haifaffen Kano wajen 1858, ya zauna Salaga lokacin da take cibiyar fataucin goro, bayan yaƙin basasar garin na 1892 ya koma Kete-Karaci, can ya rasu a 1934. Ya yi waƙoƙi da Larabci da ajami a kan zuwan Nasara da kan talauci, ya kuma rubuta zube mai yawa game da ƙasar Hausa da al'adunta, wanda Jamusawa irin su Adam Mischlich suka tattara. A shekarun 1960 Cibiyar Nazarin Afirka ta Jami'ar Legon ta bi gidajen malamai tana kwafar rubuce-rubucen hannu, aka ga irin taskar da ke Zangunan ƙasar. Amma shekarar da Alhaji Umaru ya rasu ita ce shekarar da littattafan gasar Zariya suka fara fitowa. Daga nan hanya ta rabu: a Arewacin Najeriya Hausa ta haye zuwa boko da aji da jarida, a Gana ta tsaya a allo da zauren malam, boko kuwa ya zo da Turanci. Hukumar Harsunan Gana, wadda asalinta ya koma 1951, harsuna goma sha ɗaya take buga littattafai da su, har da Dagbani da Gonja da Kasem da Nzema, babu Hausa a ciki. Dalilin da ake kafawa shi ne Hausa baƙuwa ce. Dokar korar baƙi ta gwamnatin Busia a Nuwamban 1969 ta ƙara zurfafa wannan kallo, ta kwashe mutane da dukiya daga Zanguna, ta kuma koya wa waɗanda suka rage cewa nuna alaƙa da wata ƙasa yana da haɗari.

Sakamakon yana nan a kan yaron Maamobi na yau. Da safe yana karanta Turanci a makarantar boko, in an zo darasin harshen gida a ba shi Ga ko Twi, da yamma ko ƙarshen mako yana makarantar allo da Larabci. Harshen da yake mafarki da shi, yake faɗa da shi, yake roƙon uwarsa da shi, shi ne kaɗai bai taɓa gani a allon aji ba. Idan ya rubuta Hausa a waya, da ƙa'idar Turanci yake harhaɗa baƙaƙen, kowa da irin tasa, har saƙon aboki sai an karanta shi da ƙarfi kafin a gane. Ba wai Hausa ta rasa gurbi a bainar jama'a ba ne. Gidan rediyon ƙasa ya daɗe yana labarai da ita, ƙungiyar mawaƙa ta VIP da ta tashi daga Nima ta shigar da ita cikin waƙoƙin da duk Gana ta yi rawa da su, finafinan Kano da shirye-shiryen Arewa24 ana kallon su a ɗakunan haya. Duk waɗannan ta kunne suke shiga. Wanda ya buga labari da Hausa ya kawo kasuwar Nima ya zama kamar mai tallar takalmi a masallaci: jama'a ga su nan cike, amma ba a nan ake sawa ba.

Mai ja zai ce ai maganin a bayyane yake, a rubuta da Turanci. Kuma yana da hujja mai ƙarfi. Mohammed Naseehu Ali, wanda ya tashi a Zangon Kumasi, ya fitar da tarin gajerun labaransa The Prophet of Zongo Street a Amurka a 2005, ɗaya daga ciki, labarin wani mai shayi, ya fito a mujallar The New Yorker. Ayesha Harruna Attah ta maido da Salaga cikin adabi da The Hundred Wells of Salaga a 2018. Gana ma tana da nata tarihin marubuta masu buga littafinsu da kansu da Turanci, tun daga Asare Konadu da kamfaninsa na Anowuo har zuwa Peggy Oppong. Ba na ganin laifi a bin wannan hanya, kuma ga wanda ke neman a san Zango a waje ita ce ma ta fi. Sai dai a lura da wanda ake yi wa magana. Labarin Zango da Turanci dole ya tsaya yana bayani: mene ne suna, me ya sa ake kai gara, me ake nufi da kunyar ɗan fari. Mai karatun da ke buƙatar wannan bayani ba ɗan unguwa ba ne. Ƙarfin littattafan Kano kuwa daga rashin bayanin ya zo, domin matar da ke karanta rikicin kishiya ta san ɗakin, ta san habaicin, abin da take nema shi ne ta ga yadda wata ta fita. Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba ya shekara ashirin da 'yan kai yana yawo a hannun matan Arewa kafin Aliyu Kamal ya fassara shi, kamfanin Blaft na Indiya ya buga a 2012. Gida ya fara cin sa, sannan waje.

Ja na biyu ya fi na farko kaifi: waya ta zo, ba a buƙatar maɗaba'a ko dillali, kuma ga miliyoyin masu karatu a Najeriya da Nijar, me zai hana 'yar Maamobi ta sayar musu? Gaskiya ne kasuwar ta koma waya. Marubuciya takan saki shafukan farko kyauta a Wattpad ko Facebook ko zauren WhatsApp, in labari ya kama sai ta rufe, ta ba da lambar asusu. Wadda ta biya ta turo shaida, a sa ta a zaure na musamman, kullum a saki shafi. Kafin a kwana biyu wata ta kwafe ta watsa, shi ya sa ake ganin gargaɗi da Allah-ya-isa a saman shafuka. Dandalin OkadaBooks, wanda marubutan Hausa da dama suka jingina da shi, ya rufe a 2023. Wannan hanya ta cire takarda da bashin dillali, amma ba ta cire buƙatar iya rubutu da karatu ba, kuma ta ƙara wa 'yar Gana cikas biyu. Na farko kuɗi: mai karatu tana da naira a banki, marubuciya tana da sidi a asusun waya, tsakaninsu sai da ɗan tsakiya mai cin nasa. Na biyu harshe. Gananci, wato Hausar Gana, ba Kananci ba ne. Da yawa daga masu magana da shi ba sa bambanta namiji da mace a nahawu, ƙ da ɗ da ɓ sun sassauta a bakinsu, ga aro daga Twi da Ga da Turanci. Idan ta rubuta yadda take magana, a Kano a ce ba ta iya Hausa ba. Idan ta ari Hausar Kano, mutanen labarinta su koma baƙi a unguwarsu. Gasar Hikayata ta BBC Hausa, wadda aka fara a 2016 don mata, ƙofarta a buɗe take ga kowace ƙasa, amma daidaitacciyar Hausa take nema, wadda 'yar Maamobi ba ta taɓa zama a ajinta ba.

A kan wannan batu ra'ayina ya karkata ga Gananci. Marubucin da ya ɓoye harshen mutanensa don kada a yi masa dariya ya zubar da abu ɗaya tak da babu wanda zai iya kawowa sai shi. Labarin gidan haya mai ɗaki ashirin da famfo ɗaya, da ɗan da ya tafi Libiya ko Italiya aka daina jin ɗuriyarsa, da budurwar da ta je aikatau ƙasashen Larabawa, da mai waakye, wato shinkafa da wake, da ke tashi tun kafin assalatu don ta biya wa 'yarta kuɗin jami'a, da babban kwalbatin da ke ratsa Nima da Maamobi ya yi ambaliya da damina, babu ɗaya da za a iya faɗa da muryar Fagge ya zauna daidai. Daidaita rubutu wani abu ne, daidaita baki wani ne daban. Ana iya ɗaukar baƙaƙen boko da ƙa'idar raba kalma daga Zariya da Kano, a bar mutanen labari su yi magana yadda suke yi.

Ga kuma rayuwar yau da kullum, wadda masu sharhin adabi suka cika tsallakewa. Rubutu yana son shiru da wurin zama, su kuwa su ne mafi tsada a unguwar da iyali guda ke kwana a ɗaki ɗaya, rediyon maƙwabci a kunne, ga kuɗin hayar shekara ko shekara biyu da mai gida ke so a dunƙule. Ɗakin karatun da gidauniyar Kathy Knowles ta gina wa Nima da Maamobi ya nuna cewa in aka samar da wuri yara za su cika shi, kodayake da Turanci mafi yawan abin da ke kan kantocinsa yake. Sannan akwai idon jama'a. A Kano ma, inda marubuci ke iya ɓuya cikin miliyoyi, an ƙona littattafai a 2007 ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu na gwamnatin Ibrahim Shekarau, Hukumar Tace Finafinai ta kuma nemi marubuta su yi rajista. A Maamobi ba a buƙatar hukuma. Kowa ya san gidan kowa, in aka rubuta labarin Alhajin da ya saki uwargida, kafin la'asar an gama raba sunayen. Masu cewa irin waɗannan littattafai ɓata tarbiyya suke yi ba su rasa abin nunawa, musamman a zaurukan waya inda wasu ke sayar da batsa da sunan labari. Amma auren dole da sakin wulaƙanci da hana 'ya mace karatu ba littafi ne ya kawo su ba, kuma a Kano littafin ne ya fara fito da su fili da bakin matan da abin ya shafa.

Idan bayanin nan ya yi daidai, to marubucin Maamobi aikinsa biyu ne, inda na Kano ke da ɗaya: ya rubuta labari, ya kuma samar da wanda zai karanta. Ta kunne zai fara, tunda nan ce ƙofar da ke buɗe. A Kano ma gidajen rediyo sun daɗe suna karanta littattafai kashi-kashi, yanzu kuma tashoshin YouTube sun ɗauka, ana sauraro ana wanke-wanke. Labarin da aka rubuta da Gananci aka karanta da murya aka tura ta waya zai isa Sabon Zango da Madina da Ashaiman da Aboabo ta Kumasi da Tamale, har da 'yan Zangon da ke zaune a Bronx da Hambug, kuma waɗannan na ƙarshe su ne masu iya biya. Idan aka haɗa murya da rubutaccen shafi, mai sauraro yana bi da ido, to ana yin aikin da aji bai yi ba. Sauran aikin ya fi ƙarfin mutum ɗaya. Tun 1987 akwai sashen ilimin Musulunci a cikin hukumar ilimi ta Gana, mai kula da makarantun da ke haɗa Larabci da boko, kuma a cikinsu akwai yara da yawa da Hausa ce harshensu na farko. A 2017 gwamnati ta kafa ma'aikata da asusu na musamman don raya Zanguna, aka yi maganar tituna da filayen ƙwallo da koyon sana'a. Littafin koyon karatu na aji ɗaya da Hausa, da malamin da zai koyar da shi awa ɗaya a mako, kuɗinsu bai kai na filin ƙwallo guda ba, kuma sarakunan Zango da limamai da 'yan majalisar Ayawaso, yankin da Nima da Maamobi suke ciki, suna da bakin da za su nema.